Sabon roba-roba yana tofar da baƙin mai: a buɗe inji ko a dakata?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a nan Damagaram. Wata uku ke nan da na sayi sabon mashin roba-roba mai 125, bai kai kilomita 900 ba. Tun bayan juyen farko nake ganin baƙin mai yana ɗiga daga akwatin iska na gefen hagu, har ya ɓata murfin bel, kuma wani lokaci in na ja shi sai ya yi ɗan hayaƙi shuɗi. Na kai wa wani makanike, ya cire murfin mai alhali injin na aiki, iska ta yi ta bugowa da feshin mai, ya ce sagiman sun mutu, sai an buɗe inji. Wani kuma ya ce in bari ya ɗaure tiyon da man ke biyowa, magana ta ƙare. Wanda ya sayar mini ya ce haka sabo yake yi. Ni dai na rasa maganar wa zan kama. Da shi nake zuwa aiki kullum, ran Lahadi kuma ina ɗaukar ƙanwata mu je Mirriya. Don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya alheri a abin hawa, ya kuma tsare hanya. In na fahimce ki da kyau, abu biyu kike son sani. Na farko, ko man da ke biyo tiyo yana taruwa a akwatin iska shaida ce cewa sabon injin ya lalace daga ciki. Na biyu, wane mataki za ki ɗauka wanda ba zai ja miki asarar kuɗi da asarar garanti ba. Kafin in shiga bayani, ga abin da zan roƙe ki: kada ki bari a kwance ko noti ɗaya na injin nan tukuna, kuma kada ki yarda a ɗaure tiyon nan, ko da kyauta za a yi miki.

Ban ga mashin ɗin ba, ban ji kukansa ba, saboda haka ba zan yanke masa hukunci daga nan ba. Abin da zan iya shi ne in jera miki abubuwan da ke kawo wannan matsala, daga wanda ba ya cin ko dala zuwa wanda ke buƙatar aiki babba, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Zan ɗauka injinki irin wanda ake kira GY6 ne, don shi ne a jikin mafi yawan roba-roba ƴan China da ke shigowa nan. Ki duba lambar da aka buga a gefen hagu na injin, can ƙasa. In ta fara da 152QMI to mai 125 ne, in 157QMJ ce to mai 150 ne. Duk abin da zan faɗa ya shafe su duka biyu.

Iskar nan daga ina take fitowa

A saman piston wuta ke tashi, a ƙasansa kuma tukunyar inji take, inda baƙin mai ke kwance. Abin da ya raba tsakaninsu shi ne zobban da ke jikin piston, wato sagiman. Layi uku ne: na sama biyu suna tare matsin wuta, na ƙasa yana share mai daga bangon silinda. Kowane zobe yana da ƴar tsaga a jikinsa, kuma da gangan aka bar ta, don in ƙarfe ya yi zafi ya buɗe ya samu wurin miƙewa. Ta wannan tsaga da gefen zobe ɗan hayaƙi yake sulalewa ƙasa a duk lokacin da wuta ta tashi. Babu injin da ba ya yin haka a duniya, komai tsadarsa. Hayaƙin kuma dole ya samu mafita, shi ya sa aka yi ɗan hanci a murfin supap (ƴan ƙofofin saman silinda da ke shigar da iska da fetur su fitar da hayaƙi) aka sa masa tiyo ya tafi akwatin iska, injin ya sake shaƙe shi ya ƙone. Da can a ƙasa ake sakin wannan hayaƙi, sai a farkon shekarun 1960 aka fara tilasta wa masu ƙera mota a Amurka su mayar da shi cikin inji, daga baya tsarin ya game ko'ina har ya iso kan babura.

Akwai kuma wata iskar wadda ba ruwanta da sagiman ko kaɗan, kuma ita ce ta ruɗi makaniken farko. Mota mai silinda huɗu, in piston biyu sun sauka to biyu sun hau, sararin da ke cikin tukunya bai canza ba. Naki piston ɗaya ne tilo. Duk saukar da ya yi sai ya ture iska daidai girman silindarsa, duk hawan da ya yi sai ya zuƙe ta ya mayar, kamar zuga-zugin maƙeri. Mashin yana tsaye yana aiki a hankali, injin na juyawa wajen sau 1,500 a minti, wato sau 25 a daƙiƙa ɗaya. To ki cire murfin mai a kan wannan, me zai fito? Iska ce za ta yi ta bugun tafin hannu, da feshin mai, ko da yau aka fito da mashin daga kwali. Wannan gwaji yana da ɗan amfani a kan babbar mota ko injin gas, wataƙila can ya koyo shi, amma a kan inji mai piston ɗaya bai tabbatar da komai ba. In kina so ki gani da idonki, ki samu wata abokiyar aiki mai mashin irin naki wanda lafiyarsa lau, a cire nata murfin na ɗan lokaci kaɗan. Ki tsaya gefe kawai saboda tufafinki.

Ɗan danshin mai a cikin akwatin iska, wanda in kin shafa yatsa zai yi maiƙo, ba ciwo ba ne. A nan mai sayarwa yana da gaskiya. Amma mai har yana ɗiga yana ɓata murfin bel, ga hayaƙi shuɗi, wannan ya wuce "haka sabo yake yi". Akwai dalili, sai an nemo shi.

Zargina na farko: an cika masa mai

Kalmar da na fi riƙewa a wasiƙarki ita ce "tun bayan juyen farko". Sagiman ba sa zaɓar ranar juye su mutu. Abin da ke canzawa ranar juye shi ne yawan man da ke cikin tukunya da irinsa.

Injin GY6 ba ya shan lita guda. In juye aka yi, abin da yake ɗauka wajen mililita 700 zuwa 800 ne, kuma sau da yawa an rubuta adadin a jikin injin kusa da murfin mai, ko a ɗan littafin da aka ba ki. Shi kuwa mai a robar lita guda ake sayar da shi. Ki tsaya ki kalli yadda ake juye a yawancin rumfunan bakin hanya: yaro ya kwance noti, baƙin ruwa ya tsiyaye a tsohuwar tasa, ya ɗaure, ya kafa mazurari, ya kifa robar gaba ɗaya, har yana bubbuga gindinta don kada ɗigo ya rage. Ba mugunta ba ce. Ya saba da manyan baburan ƴan kabu-kabu waɗanda ke shanye kusan litar duka, kuma in ya rage mai a roba wani mai mashin ɗin zai ce an cuce shi. A roba-roba kuwa wannan rarar ta kusan rubu'in lita ita ce masifar. Man ya taso har ƙarfen da ke juyawa a cikin tukunya yana dukansa, ya kaɗa shi ya zama kumfa da feshi. Sararin da iska ke wasa a ciki ya ragu, matsi ya ƙaru. Feshin ya bi hanyar sarƙar taimin ya hau kan supap, ya fita ta tiyo, ya taru a akwatin iska. Daga can kafireta ta zuƙi wani, injin ya ƙone shi, ga hayaƙinki shuɗi. Sauran ya ɗigo a kan murfin bel. A cikin sabbin mashinan da ake kawo mini da wannan kuka, mafi yawansu a nan maganar take ƙarewa.

Ga yadda za ki auna da kanki, ba sai kin je gareji ba. Ki samu wuri shimfiɗaɗɗe, ba kan rairayi ba, ki ɗora mashin a kan ƙafarsa ta tsakiya. Ki tayar da shi minti biyu ko uku, ki kashe, ki jira kamar haka. Ki kwance murfin mai, ki goge ɗan sandan da ke jikinsa da tsumma mai tsabta, ki mayar da shi ki ɗora kawai a bakin ramin ba tare da kin murɗa ba, sannan ki ciro ki duba. Man ya tsaya tsakanin alamar ƙasa da ta sama. Wurare biyu mutane ke kuskure a nan. Masu aunawa a kan ƙaramar ƙafa ta gefe suna samun awon ƙarya, domin mashin ya karkata hagu, man ya gudu daga wurin sandan, sai a ga kamar ya yi ƙasa a ƙara. Masu murɗa murfin har ƙarshe kuwa suna ganin ya fi yadda yake. In littafinki ya faɗi wata hanya dabam, bi tasa.

In kin tarar ya haura alamar sama, a rage shi. Babban sirinji da ɗan siririn tiyo ya isa a zuƙe rarar ta bakin murfi. Bayan nan a buɗe akwatin iska a share shi tas. In filtar ta takarda ce kuma ta sha mai, ta gama aiki, a sa sabuwa. In ta soso ce a wanke, ta bushe, a shafa mata mai kaɗan a matse sosai. A ƙasan akwatin akwai wani ɗan guntun tiyo, galibi mai haske da ake ganin ciki, da ɗan toshi a bakinsa. Wurin taruwar datti ne, a cire toshin a zubar a mayar. Ki lura cewa hayaƙin ba zai ɗauke nan take ba, sai man da ya riga ya shiga salansa ya ƙone, abin da kan ɗauki ƴan kwanaki ana hawa.

Ki sansana sandan

Tun da murfin yana hannunki, kai shi hanci. In kin ji warin fetur sosai, kuma man ya tsinke yana gudu a kan yatsa, to ba yaron gareji ne ya cika tukunyar ba, fetur ne ke zubowa ciki. Hanyoyinsa sanannu ne. A cikin kafireta akwai ƴar allura da ke rufe fetur in ya cika. Ƙwayar yashi guda ta isa ta hana ta zama, sai fetur ya yi ta malala cikin dare, ya bi ta supap, ya wuce sagiman, ya sauka cikin mai. Tun 2011 muke da matatar man fetur ta SORAZ a hanyar Tanut, amma har gobe da yawanmu a kwalaben ƴan ruwa-ruwa muke shan mai, kuma kwalbar da ta yini a bakin titi da mazurarin da iska ke bi ba sa rasa ƙura. Hanya ta biyu ita ce famfon fetur mai aiki da zuƙar inji, wanda ke ƙarƙashin tanki. Yana da tiyo biyu masu zuwa wajen inji, ɗaya na fetur, ɗaya na iska zalla. A zare na iskar a duba, in akwai danshin fetur a ciki to robar cikin famfon ta huje. Ta uku ita ce cok mai aiki da lantarki, wanda ke ƙara wa inji fetur in yana sanyi, in ya maƙale a buɗe. Alamarsa buji, wato fulogin da ke kunna wuta, baƙi ƙirin da toka da shan fetur fiye da kima.

Fetur a cikin mai ya fi cikawar mai illa, domin bayan ya ɗaga awon, yana wanke maiƙon bangon silinda a daidai lokacin da sabbin sagiman ke neman zama. In kin same shi, a gyara inda yake zubowa, a yi juye nan take, kada a ce bari a ƙarasa kilomita.

Sauran ƙananan abubuwa zan bi su da sauri. In mashin ya taɓa faɗuwa ta gefe, ko an kwantar da shi a kan mota an kawo shi daga wani gari, mai zai bi tiyo ya cika akwatin iska sau ɗaya, a share a wuce. Filta da ƙura ta toshe tana sa zuƙar cikin akwatin ta yi ƙarfi, ta riƙa janyo feshi daga tiyo. Tiyon kansa yana iya lanƙwashewa ko robar jiki ta danne shi tun wajen haɗa mashin, a bi shi da hannu daga farko zuwa ƙarshe, a hura a ji ko iska na wucewa. Sannan a tabbatar man daga inji yake. A bayan bel, kusa da tayar baya, akwai ƴar tukunyar giya mai nata man dabam, wanda bai fi mililita 120 ba, da nata ɗan tiyon numfashi. Ita ma in an cika ta tofarwa take yi, kuma a wuri ɗaya suke ɓatawa. Man giya yana da wari mai kaifi da ba ya ɓuya.

Maganar ɗaure tiyo

Wannan shawara ita ce mafi haɗari a cikin ukun da aka ba ki, kuma abin haushi ita ce ta fi saurin nuna kamar ta yi aiki. Kwana biyu akwatin iska zai bushe, ki yi ta sa wa mutumin albarka. Amma iskar da piston ke turawa ba ta fasa ba, an dai hana ta ƙofa, sai ta nemi inda ya fi rauni. A ƙarshen ƙarfen da ke juyawa, hagu da dama, akwai robobin da ke tare mai. In ta hagu ta fita, mai ya shiga ɗakin bel, bel ya fara santsi, ki murɗa hannu inji ya yi ta ihu mashin bai tafiya. In ta dama ce, mai ya jiƙa koyil da fanka. Gasket ɗin murfin supap shi ma ya fara gumi. Aikin da sirinji zai gama ya koma na kwance rabin mashin.

Akwai kuma masu zare tiyon daga akwati su sake shi yana lilo a ƙasa. A garin da ba ƙura wataƙila a sha da haka. A Damagaram kuwa, tunda tiyon nan fitarwa yake yi yana kuma zuƙa, kin buɗe wa yashi hanya kai tsaye zuwa cikin man inji. Wasu suna sa ƴar kwalba a tsakiyar tiyo ta riƙa tare man kafin ya isa filta. Ba na ƙin wannan in an bar iska tana wucewa zuwa akwati, har tana taimakawa a ga yawan abin da ke fita a mako. Sai dai ma'auni ce kawai, ba ta warkar da komai, kuma abin da ta tara ba a mayar da shi cikin inji.

Rodaj, zafi da ƙura

Idan awon mai daidai yake, ba warin fetur, tiyo a buɗe, to sai mu waiwayi sagiman, amma ba da cewa sun mutu ba. A kilomita 900 abin da ya fi yiwuwa shi ne ba su gama zama ba. Bangon sabuwar silinda ba sumul yake ba, an yi masa ƙananan zane masu gilma juna da gangan. A kilomitocin farko zobban suna gogar wannan zane har su daidaita da bango. Abin da ke danna zobe ya manne da bango kuwa ba taurinsa kaɗai ba ne, matsin wutar ne ke shiga bayansa ya tura shi waje. Saboda haka sai injin yana ɗan jan nauyi sannan zaman ke yiwuwa.

Shi ya sa nake faɗa da al'adar nan ta kafe sabon mashin a ƙofar shago a bar shi yana ta aiki a tsaye awa da awanni wai ana yi masa rodaj, wato aikin farko da ke sa zobban sabon inji su zauna. Babu matsi a bayan zobe, fankar da ke sanyaya injin tana juyawa a hankali don da injin take tafiya, mai ya yi zafi ya daskare a cikin zanen nan, bango ya yi sheƙi. Zobe kuma ba ya kama bango mai sheƙi. Kishiyar wannan ita ma illa ce: a fito da sabon mashin, mutum biyu a kai, a murɗe hannu har ƙarshe a riƙe shi haka daga nan har Mirriya. Tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba, amma a watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura digiri 40, injin da iska kaɗai ke sanyaya shi yana shan wuya, kuma a irin wannan gudu ne tiyo ya fi tofar da mai ko da komai lafiya. Ban ce haka kike tuƙi ba, Malama. Amma ki lura ko ɗigar ta fi yawa ran Litinin da safe fiye da sauran kwanaki. In haka ne, kin samu rabin amsa.

Abin da nake sa mutane su yi shi ne su ba injin kamar kilomita 500 nan gaba da tuƙi mai hawa da sauka. A bar shi ya ɗumama minti ɗaya ko biyu, a ja shi da ɗan ƙarfi zuwa rabi ko kashi biyu cikin uku na hannu, a saki ya rage gudu da kansa, a sake ja. Kada a daɗe a gudu ɗaya, kada a daɗe a tsaye. Mai kuma a sa na gargajiya mai lamba 15W-40, ko 20W-50 in bazara ta tsananta kuma littafi ya yarda, a cikin roba mai hatimi daga wurin da aka amince da shi. Man awo da ake tsiyayowa daga durom ba a san asalinsa ba ban yarda da shi ba ko a tsohon mashin. Ki tuna injin nan ba shi da matatar mai ta takarda irin ta mota, ƴar raga ce kawai a cikin babban notin ƙasa, don haka juye da wuri shi ne kariyarsa. Sau da yawa sagiman da ba su zauna ba suna kamawa a cikin wannan tazara, hayaƙin ya ɗauke shi kaɗai.

Ƙura ita ce ke iya kashe sagiman da gaske tun mashin yana sabo. A sassauta zoben da ya ɗaure robar da ta haɗa akwatin iska da kafireta, a zura yatsa a shafo cikinta. Ya kamata yatsa ya fito ba komai sai ɗan maiƙo. In kin murza kin ji ƙaras-ƙaras, yashi yana wucewa ta wani wuri: filta ba ta zauna daidai ba, ko murfin akwatin ya rasa sukurori, ko robar ta tsage. A lokacin hunturu, mashin da ke shaƙar iska ba tacewa yana iya cinye silindarsa kafin ya ga juye na uku.

Awo kafin sifana

In an yi duk wannan abin bai sauya ba, sai a auna matsin injin. Ki nemi garejin da ke da agogon awon matsi, wanda ake ɗaurawa a ramin buji. Kafin awon a fara daidaita supap injin yana sanyi, domin a sabon inji tazararsu kan tsuke, supap ya ƙi rufewa sosai, matsi ya faɗi, a ɗora wa sagiman laifin da ba nasu ba. Tazarar tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10 gwargwadon abin da littafi ya ce, kuma da ma'auni ake sa ta, ba da kunne ba. Sannan a ɗumama injin, a cire buji, a ɗaura agogo, a murɗe hannun wuta har ƙarshe, a buga sitata har allura ta daina hawa. Wanda ya manta bai buɗe hannun wuta ba zai samu awo ƙasa da gaskiya. Lafiyayyen inji irin wannan yakan ba da bar 10 zuwa sama a ma'aunin agogon. In ya tsaya wajen 7 ko 8, a zuba ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin buji a sake aunawa. In allura ta yi tsalle sama, man ya toshe gefen zobe na ɗan lokaci, laifin sagiman ne ko silinda. In ba ta motsa ba, a nemi matsalar a supap ko gasket ɗin kai.

Lokacin da hayaƙin ke fita shi ma yana ba da labari. Wanda ke fita da safe a tashin farko, ya ɗauke bayan minti kaɗan, ya fi nuna ƴan robobin da ke wuyan supap, ƙaramin aiki ne. Wanda ke ƙaruwa duk lokacin da aka ja mashin, kuma akwatin iska a bushe yake, shi ne na sagiman. Ki kuma riƙa rubuta abin da yake ci: ki daidaita mai a alamar sama, ki rubuta kilomita, ki duba duk mako a wuri ɗaya. A ganina injin da ya gama rodaj amma yana neman ƙari mai yawa tsakanin juye da juye, yana da abin faɗa. Awon matsi ba ya kama komai, musamman zoben ƙasa mai share mai, wanda zai iya lalacewa agogo ya nuna lafiya. Wannan rubutun naki shi ke cike giɓin.

In ta tabbata daga ciki ne

Yana faruwa. Sabon inji yana iya zuwa da aibi daga masana'anta ko daga wurin haɗawa: zobe ya karye wajen sa shi, ko an kifa na biyu, wanda yake da ƴar alama da dole ta kalli sama, in an juya shi sai ya riƙa tura mai sama maimakon ya share shi ƙasa. Ko zoben mai, wanda gida uku ne, ƙarshen na tsakiyarsa ya hau kan juna. Ko tsagar zobe ta yi faɗi. A silinda mai faɗin milimita 52.4 irin ta 125, tsagar sabon zobe ba ta kamata ta kai rabin milimita ba. Gyaran ba gagara ba ne: a cire kai da silinda, a duba bango, in ya yi sheƙi a sake masa zane, in ya karce a canza silinda da piston da zobba gaba ɗaya, a rarraba tsagogin kada su hau layi ɗaya, a sa sabbin gasket, a sake rodaj daga farko. Sa sabbin zobba a kan bango mai sheƙi ko mai karce zubar da kuɗi ne.

Amma wannan aiki ba a aljihunki ya kamata ya fita ba, kuma a nan ne dakatawar da na roƙe ki take da amfani. Da zarar wani makanike na waje ya kwance kan injin, mai sayarwa ya samu abin fakewa, zai ce ku kuka ɓata. Ki nemo takardar sayen da duk abin da aka rubuta na garanti, ki ga wata nawa ko kilomita nawa ya ƙunsa, don kada lokacin ya ƙare kina cikin gwaje-gwaje. Ki je masa tun yanzu, ko da ba a gama bincike ba, ki sa ya rubuta ranar da kika kawo kuka da kilomitar da ke kan agogo. Ki ɗauki hoton sandan mai, da cikin akwatin iska, da agogon matsi yana kan injin. Ki tafi da wani babba na gida ko wanda ya haɗa ku cinikin, don a kasuwarmu sanayya takan yi abin da takarda ba ta yi ba. In za a buɗe, a buɗe a wurinsa ko a gaban makanikensa, a kuma nuna miki abin da aka ciro.

Game da tafiyar Lahadi, in awon mai ya dawo daidai kuma ba warin fetur, ba abin da zai hana ki zuwa. Kafin ki fita ki duƙa ki duba tayar baya da wajen birki, in mai ya taɓa su a wanke da sabulu a bushe, don taya mai maiƙo da goyo a baya ba abin wasa ba ce a kan kwalta. Ki tsaya a matsakaicin gudu, ki riƙa sassautawa, in kun isa ki bar shi ya huce kafin ki auna mai. In kin sake rubutowa, ki faɗa mini inda man ya tsaya a jikin sandan, da warinsa, da launin bakin buji, da abin da yatsa ya shafo a cikin robar kafireta.